Manchester City daga 2008 zuwa 2025: me kuɗin Abu Dhabi suka saya?

Ranar 1 ga Satumba, 2008, ita ce ranar rufe kasuwar saye da sayar da 'yan wasa a Ingila. A ranar ce aka sanar cewa wani kamfani daga Abu Dhabi, mallakar Sheikh Mansour bin Zayed Al Nahyan, ya amince ya sayi ƙungiyar Manchester City daga hannun Thaksin Shinawatra, tsohon firaministan Thailand. Kafin a rufe kasuwa a daren, City ta ɗauko Robinho daga Real Madrid a kan fam miliyan 32.5, kuɗin da babu ƙungiyar Birtaniya da ta taɓa biya a kan ɗan wasa ɗaya. Chelsea ce ta daɗe tana zawarcinsa, kowa kuma ya ɗauka can zai tafi. Sai ga shi ya sauka a ƙungiyar da wata huɗu kafin nan Middlesbrough ta zazzaga mata ƙwallo 8 da 1.

Tun daga wannan dare ake jayayya a kan City. Wasu na cewa duk kofin da ta ɗaga sayensa ta yi. Wasu na cewa kuɗi ba ya buga ƙwallo, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Na zaɓi wannan ƙungiya ne domin tarihinta ya rabu gida biyu a fili: akwai City ta kafin kuɗi, akwai ta bayan kuɗi, kuma ana iya nuna ranar da aka ja layin.

Inda ƙungiyar take kafin kuɗin su zo

City ba ƙaramar ƙungiya ba ce, tana da tarihi da ɗimbin magoya baya. Amma rabonta da kofin babbar gasar Ingila tun 1968, rabonta da kowane babban kofi kuwa tun 1976. Magoya bayan Manchester United har kyalle suka rataya a Old Trafford suna ƙirga mata shekarun da ta yi ba kofi, duk shekara su ƙara ɗaya. A kakar 1998 zuwa 1999 City tana rukuni na uku ne. A ƙarshen Mayun 1999, kwana huɗu bayan United ta ci Kofin Zakarun Turai a Barcelona ta haɗa kofi uku a kaka ɗaya, City tana Wembley tana fafutukar fita daga wannan rami da Gillingham. An ci ta biyu ba ko ɗaya ana dab da tashi, sai Kevin Horlock da Paul Dickov suka farke, ta tsallake da bugun fenareti. Tazarar da ke tsakanin maƙwabtan biyu ke nan a lokacin.

A 2003 ta bar tsohon filinta na Maine Road ta koma filin da aka gina don wasannin ƙasashe renon Ingila na 2002. Wannan fili yana cikin abin da ya ja hankalin masu saye: ga sabon fili, ga birni mai suna a duniyar ƙwallo, ga ƙungiya mai jama'a wadda ba ta da tsada. Thaksin, wanda ya saye ta a 2007, an riƙe masa dukiya a ƙasarsa, ba shi da ƙarfin ci gaba da ɗaukar nauyinta.

Shekaru huɗu na farko

Abin da ya fara bayyana shi ne kuɗin ba su yi aiki nan take ba. A kakar farko City ta ƙare ta 10 a teburin Firimiya, ƙasa da matsayin da ta samu kafin a saye ta. A Janairun 2009 ta kai wa AC Milan tayin kusan fam miliyan 100 a kan Kaká, ɗan wasan ya ƙi zuwa. Robinho kansa bai cika shekara biyu ba aka ba da shi aro ga Santos, daga baya aka sayar da shi ga Milan da asara mai yawa. Roque Santa Cruz ya zo da tsada bai tsinana abin kirki ba. Emmanuel Adebayor ya fara da zafi, ya ƙare a zaman aro a Real Madrid da Tottenham. An kori koci Mark Hughes a Disamban 2009 aka kawo Roberto Mancini.

A nan ne nake ganin asirin lamarin yake, kuma a nan ne masu muhawarar suka fi yin tsallake. Ƙungiya mai matsakaicin ƙarfi idan ta zuba fam miliyan 30 a kan ɗan wasa ɗaya ya ƙi yi, ta shiga uku: za ta yi shekaru tana biyan albashinsa, ba ta da abin sayen wani, wataƙila ma ta sayar da gwaninta don cike giɓi. City ta yi irin wannan kuskure sau da yawa a jere, kuma ko gezau. Robinho bai yi ba, ga Carlos Tevez. Santa Cruz bai yi ba, ga Edin Džeko. Adebayor ya tafi, ga Sergio Agüero daga Atlético Madrid a kan kusan fam miliyan 38. A 2010 kaɗai ta ɗauko Yaya Touré daga Barcelona da David Silva daga Valencia da Mario Balotelli da James Milner da wasu. Babban abin da kuɗin suka saya mata shi ne damar ta yi kuskure ta sake gwadawa ba tare da ta ji a jikinta ba.

Littafin asusun ƙungiyar ya nuna farashin wannan dama. A kakar 2010 zuwa 2011 ta yi asarar da ta haura fam miliyan 190, mafi girma da wata ƙungiyar Ingila ta taɓa bayyanawa zuwa lokacin. Albashin da ta biya a shekarar ya fi duk kuɗin da suka shigo mata. Babu kasuwancin da zai rayu a haka in ba akwai mai cike ramin daga aljihunsa ba.

Akwai kuma wani amfani na biyu da ba a cika lura da shi ba. Duk ɗan wasan da City ta saya daga abokiyar hamayya, ta ƙara wa kanta ƙarfi ta kuma rage wa waccan. Arsenal, wadda a lokacin take fama da bashin ginin filin Emirates, ta rasa Adebayor da Kolo Touré a 2009, ta rasa Gaël Clichy da Samir Nasri a 2011, duk zuwa City. Aston Villa ta rasa Gareth Barry da Milner. Everton ta rasa Joleon Lescott. Waɗannan su ne ƙungiyoyin da City ke neman ta hau kansu ta wuce. Arsène Wenger, kocin Arsenal a lokacin, ya sha kamanta irin wannan kuɗi na attajirai da ƙwayar ƙara kuzari da 'yan tsere ke sha, kuma ko mutum bai yarda da kwatancin ba, zai gane inda abin ke masa ciwo.

A 2011 aka cire kyallen nan na Old Trafford, bayan City ta ci Kofin FA. Yaya Touré ne ya ci United a wasan kusa da na ƙarshe, shi ne kuma ya ci Stoke a na ƙarshe.

Minti na 93 da daƙiƙa 20

Ranar 13 ga Mayu, 2012, ta cancanci a tsaya a kanta, domin kowane ɓangare na muhawarar yana kafa hujja da ita. Saura wasa shida a gama kaka United ta ba City tazarar maki takwas. City ta ci wasanninta, United ta yi tuntuɓe, Vincent Kompany ya ci United da ka a ƙarshen Afrilu, suka zo ranar ƙarshe makinsu daidai, City na gaba da yawan ƙwallaye. Abin da ya rage mata shi ne ta ci QPR a gida, ƙungiyar da ke neman tsira daga faɗuwa, wadda kocinta shi ne Mark Hughes ɗin da aka kora.

Pablo Zabaleta ya fara ci. QPR ta farke, aka ba Joey Barton jan kati, duk da haka da mutum goma ta ƙara ta biyu. An cika minti 90 City na baya da 2 da 1, United kuma ta ci wasanta a Sunderland. Džeko ya farke da ka daga kwanar da Silva ya bugo. Sannan Balotelli, yana faɗuwa, ya tura wa Agüero, shi kuma ya kauce wa ƙafar mai tsaron baya ya buga ta shiga. Maki 89 kowannensu, City ta ɗauki kofi da bambancin ƙwallaye, wanda cin 6 da 1 da ta yi wa United a Old Trafford a Oktoban da ya gabata ya taimaka wajen tarawa.

Mai cewa an yi gumi yana da gaskiya. Babu attajirin da zai iya sa ɗan wasa ya natsu a wannan daƙiƙa, mutum dubu arba'in da wani abu suna ihu, shekara 44 na jira a wuyansa. Da Agüero ya buga ta waje da duk fam miliyoyin nan ba su hana United ɗaukar kofi ba. Kuma Kompany da Zabaleta, ginshiƙan bayan ƙungiyar, an saye su ne da araha kafin kuɗin Abu Dhabi su iso, Zabaleta ma ana gobe za a sanar da cinikin. Mai tsaron raga Joe Hart daga Shrewsbury aka ɗauko shi tun 2006 a kan abin da bai kai fam miliyan ɗaya ba.

Amma mai cewa an saya shi ma ba ƙarya ya yi ba. A dubi mutum huɗun da ƙafafunsu da kawunansu suka haifar da ƙwallaye biyun ƙarshe: Silva, Džeko, Balotelli, Agüero. Kuɗin sayensu a haɗe sun haura fam miliyan 100, kuma biyu daga cikinsu, Džeko da Balotelli, daga benci suka taso. Lokacin da wasa ya ƙi, Mancini ya waiwaya bayansa ya tarar da 'yan wasan gaba biyu waɗanda a kusan kowace ƙungiyar gasar da su za a fara. Wannan benci kuɗi ne suka cika shi.

Sayen masu ilimi

Kashi na biyu na labarin ya fi na farko muhimmanci a wurina. Bayan kofin 2012 masu ƙungiyar sun daina farautar manyan sunaye kawai, suka koma sayen mutanen da suka san yadda ake gina ƙungiya. A shekarar suka ɗauko Ferran Soriano ya zama shugaban gudanarwa, da Txiki Begiristain ya zama daraktan wasanni. Dukansu daga Barcelona suka fito, kuma Begiristain yana cikin waɗanda suka ɗora Pep Guardiola a kan babbar ƙungiyar Barcelona a 2008. Kowa ya san wa ake share wa hanya. Manuel Pellegrini ya riƙe ƙungiyar shekara uku ya ci Firimiya a 2014, Guardiola ya iso a 2016. A tsakani, a Disamban 2014, aka buɗe katafariyar cibiyar atisaye da renon matasa kusa da filin wasa a gabashin Manchester, a wani wuri da masana'antu suka mutu suka bari. Daga makarantar ƙungiyar Phil Foden ya fito, haka Cole Palmer wanda aka sayar wa Chelsea a 2023 a kan kusan fam miliyan 40.

Guardiola bai ci komai ba a kakarsa ta farko, ya ƙare na uku. Ya kawar da Hart ya kawo Claudio Bravo don yana son gola mai iya wasa da ƙafa, Bravo ya kasa. Bayan kaka ɗaya aka sayo Ederson daga Benfica. 'Yan bayan gefe sun tsufa, sai a bazarar 2017 aka sayo uku a lokaci guda, Kyle Walker da Benjamin Mendy da Danilo, a kan abin da ya kai wajen fam miliyan 130. A tsakiyar baya kuwa jerin ya yi tsawo: Eliaquim Mangala, Nicolás Otamendi, John Stones, Aymeric Laporte, Rúben Dias, Nathan Aké, Joško Gvardiol, kowannensu da kuɗi masu nauyi. Damar nan ta sake gwadawa ba ta gushe ba, sai dai yanzu tana hannun mutanen da kuskurensu kaɗan ne.

Abin da ya biyo baya ba a taɓa ganin irinsa a Ingila ba. Maki 100 da ƙwallaye 106 a kakar 2017 zuwa 2018. A kaka ta gaba Liverpool ta tara maki 97, ta sha kashi sau ɗaya tak a gasar, amma ba ta ci kofi ba, domin City ta ci wasanninta 14 na ƙarshe a jere ta kai 98. A 2022 Liverpool ta sake tara 92, City ta samu 93 bayan ta farke ƙwallo biyu da Aston Villa ta ci ta a ranar ƙarshe ta ƙara ta uku cikin 'yan mintoci. Daga 2021 zuwa 2024 ta ci gasar sau huɗu a jere, abin da babu ƙungiyar da ta taɓa yi a tarihin babbar gasar ƙasar. Wanda ya kalli waɗannan wasanni da idon gaskiya ba zai ce babu aiki a ciki ba. Yadda Guardiola ke tura ɗan baya ya shiga tsakiya, yadda ya yi kaka guda yana cin gasa ba tare da tsayayyen ɗan gaba ba, yadda ya mai da Stones rabin mai tsaron baya rabin ɗan tsakiya, duk wannan tunani ne da atisaye na yau da gobe. Ina jin haushin masu share wannan da kalma ɗaya, kamar dai 'yan wasan ba su zubar da gumi ba.

Kofin Zakarun Turai ya ƙara nuna iyakar kuɗi. Monaco ta fitar da City a 2017, Liverpool a 2018, Tottenham a 2019, Lyon a 2020. Chelsea ta doke ta a wasan ƙarshe a 2021, Real Madrid ta juye mata wasa a mintocin ƙarshe a 2022. Sai ranar 10 ga Yuni, 2023, a Istanbul, Rodri ya ci Inter Milan ƙwallo ɗaya tilo, kusan shekara 15 bayan daren Robinho. A gasar sili ɗaya ƙwale, dare ɗaya mara kyau ya isa ya rusa komai. Gasar wasa 38 kuwa tana ba mai zurfin benci lokaci ya rama, shi ya sa ƙarfin aljihu ya fi bayyana a teburin Firimiya.

Me ya sa wasu masu kuɗin ba su ci ba?

Hujjar da magoya bayan City suka fi so ita ce Manchester United. Tun da kocinta Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013, United ta kashe sama da fam biliyan ɗaya a kasuwa, ta sayi Paul Pogba a kan fam miliyan 89, Harry Maguire a kan miliyan 80, da Jadon Sancho da Antony, kuma ba ta sake ɗaga Firimiya ba a duk shekarun da City ke mulki. Chelsea a hannun sababbin masu ita ta yi ɓarin kuɗi daga 2022 ta ƙare ta 12 a kakar farko. Paris Saint-Germain ta biya Yuro miliyan 222 a kan Neymar, ta haɗa shi da Mbappé da Messi, ba ta ci Kofin Zakarun Turai ba sai a 2025 bayan duk ukun sun tafi. Wannan ya tabbatar da cewa kuɗi kaɗai ba su isa ba.

Sai dai a lura da su wa ake kwatantawa. United, Chelsea, PSG: duk attajirai ne. Tambayar da ake amsawa ita ce wane ne ya fi iya kashe kuɗi a cikin masu kuɗi, kuma City ce amsar. Ba a sa Burnley ko Southampton a lissafin ba, domin ko da shugabanninsu sun fi kowa basira ba za su zauna a wannan teburi ba. Masanin tattalin arziki Stefan Szymanski ya bi diddigin asusun ƙungiyoyin Ingila na shekaru masu yawa, ya gano cewa idan aka ɗauki dogon lokaci, yawan albashin da ƙungiya ke biya yana bayyana kusan kashi 90 cikin 100 na bambancin matsayi a teburi. Albashi ne ma'aunin, fiye da kuɗin saye, domin da albashi ake riƙe gwani.

Leicester City ce kullum ake kawowa don rusa wannan magana, kuma cin Firimiya da ta yi a 2016 abin al'ajabi ne: Jamie Vardy na fam miliyan ɗaya, Riyad Mahrez na ƙasa da rabin miliyan, N'Golo Kanté na ƙasa da miliyan shida. To amma a bi labarin zuwa ƙarshensa. Kanté ya tafi Chelsea a bazarar da suka ci kofin, ya sake cin gasar a can. Mahrez ya koma City a 2018 a kan fam miliyan 60. A 2023, shekarar da City ta haɗa kofi uku, Leicester ta faɗi daga Firimiya. Ƙaramar ƙungiya tana iya hawa sau ɗaya, zama a saman ne ba ta da kuɗinsa.

Batun doka

Da a nan lamarin ya tsaya, da sai a ce City ta yi abin da Blackburn ta yi da kuɗin Jack Walker a 1995 da abin da Chelsea ta yi da na Roman Abramovich daga 2003, sai dai ta fi su iyawa. Amma akwai tuhuma mai nauyi a kanta. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, Uefa, ta kafa dokar da ke hana ƙungiya kashe abin da ya zarce kuɗin shigarta da yawa. A ƙarƙashin wannan doka, kuɗin da mai ƙungiya ya zuba daga aljihunsa ba a ƙirga su a matsayin kuɗin shiga, amma na kamfanonin talla ana ƙirgawa. A 2011 City ta ƙulla yarjejeniyar shekara goma da kamfanin jiragen saman Etihad, mallakar gwamnatin Abu Dhabi, aka sa wa filin wasa sunansa. Tun daga nan abokan hamayya ke tambaya ko farashin kasuwa ne aka biya.

A 2014 Uefa ta ci City tarar Yuro miliyan 60, wani kaso mai yawa a jingine, ta kuma rage mata yawan 'yan wasan da za ta yi wa rajista a gasar Turai. A Nuwamban 2018 mujallar Der Spiegel ta Jamus ta wallafa wasiƙun imel na cikin gida da aka kwarmata, waɗanda aka ce suna nuna cewa wani ɓangare na kuɗin talla daga mai ƙungiyar yake fitowa. A Fabrairun 2020 Uefa ta dakatar da City daga gasar Turai na kaka biyu da tarar Yuro miliyan 30. A Yulin shekarar kotun sauraron ƙararrakin wasanni ta duniya ta soke dakatarwar, ta ce wasu zarge-zargen ba a tabbatar da su ba, wasu kuma lokacin tuhuma a kansu ya wuce, ta bar tarar Yuro miliyan 10 saboda ƙin ba masu bincike haɗin kai. A Fabrairun 2023 hukumar Firimiya ta gabatar da nata tuhume-tuhumen, waɗanda aka fi sani da 115, mafi yawansu kan bayanan kuɗi na 2009 zuwa 2018. Wani kwamiti mai zaman kansa ya saurari ɓangarorin a Landan daga Satumba zuwa Disamban 2024. City ta musanta komai tun farko. A tsakanin nan an cire wa Everton da Nottingham Forest maki saboda sun wuce iyakar asarar da dokar gasar ta yarda da ita, kuma ba abin mamaki ba ne magoya bayansu su ji kamar ƙaramin ɓarawo ake saurin kamawa.

A ganina dole a raba tambayoyi biyu da ake cakuɗawa. Ko City ta yi ƙarya a asusunta, wannan aikin masu shari'a ne, kuma idan ƙungiya ta karya dokar da sauran suka bi suka takura wa kansu, to ta zalunce su, ƙwarewar koci ba ta wanke wannan. Ko dokar kanta adalci ce, wannan wata magana ce daban. Dokar da ta ce kowa ya kashe daidai abin da yake samu, a aikace tana cewa United da Liverpool da Real Madrid da Bayern Munich, waɗanda suka tara magoya baya da kasuwa tun shekaru aru-aru, su ci gaba da fin kowa kashewa har abada. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Su ma waɗannan ƙungiyoyi da kuɗi suke sayen gwanayen wasu, bambancin kawai nasu kuɗin sun tsufa har an manta yadda aka fara tara su. City ta kutsa ne ana dab da rufe ƙofa. Newcastle, wadda asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya ya saya a Oktoban 2021, ta tarar an riga an rufe: masu ita sun fi kowa dukiya, amma a Yunin 2024 sai da ta sayar da matasanta biyu, Elliot Anderson da Yankuba Minteh, don kada ta karya doka.

Ba zan ɓoye abin da ke damuna ba. Attajiri ɗan gari mai son ƙungiyar garinsu abu ɗaya ne, dukiyar da ke da alaƙa da gidan sarautar wata ƙasa abu ne daban, domin ba ta da ƙarshe kuma ba riba kaɗai take nema ba. Sheikh Mansour mataimakin shugaban Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ne, ko da yake ƙungiyar na cewa mallakarsa ce ta ƙashin kansa. Ƙungiyar Amnesty ta zargi ƙasar da amfani da ƙwallo wajen wanke sunanta. A kakar 2023 zuwa 2024 City ta samu sama da fam miliyan 700, tana kuma sayar da 'yan wasa da riba, kamar Julián Álvarez da ta ɗauko daga River Plate a kan kusan miliyan 14 ta sayar wa Atlético da ninkin-ba-ninkin. Ta tsaya da ƙafarta. Amma ƙafar da asarar shekarun farko aka gina ta, asarar da babu wata ƙungiya mai dogaro da kuɗin tikiti da talabijin da za ta iya ɗauka.

Kakar da abin ya karye

A Satumban 2024 Rodri ya ji mummunan rauni a gwiwa a wasa da Arsenal, wata ɗaya kafin a ba shi kyautar Ballon d'Or. Ba a jima ba ƙungiyar da ta ci gasa huɗu a jere ta buga wasa 13 ta ci ɗaya kacal. Duk dukiyar nan ba ta iya maye gurbin mutum ɗaya da ya san inda zai tsaya a tsakiyar fili ba. Ga mai neman shaidar cewa nasarar City aikin mutane ce, babu wadda ta fi wannan.

Sai Janairu ya zo. City ta fitar da kusan fam miliyan 180 a wata ɗaya ta sayo Omar Marmoush da Nico González da Abdukodir Khusanov da Vitor Reis, ta farfaɗo ta ƙare ta uku, ta riƙe gurbinta a gasar Zakarun Turai da kuɗin da ke tattare da shi. A wasan ƙarshe na Kofin FA a Mayun 2025 ta haɗu da Crystal Palace, ƙungiyar da ba ta taɓa cin babban kofi ba. Eberechi Eze ya ci, Dean Henderson ya tare fenaretin Marmoush, Palace ta ɗaga kofin da guminta. A bazarar City ta ƙara Tijjani Reijnders da Rayan Cherki da Rayan Aït-Nouri da Gianluigi Donnarumma. Palace kuwa, wata uku bayan cin wannan kofi, ta sayar da Eze ga Arsenal.